Wa zai saƙa wa raƙumi kayan ado?

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙasar Saudiyya ya ga wata saƙa mai ratsin ja da baƙi da fari a jikin matasai da shimfiɗun zaure. Sunanta Sadu, kuma asalinta aikin hannun matan Larabawan daji ne, makiyayan da ake kira Badawiyyai. Abin da yawancin masu saye ba su lura da shi ba shi ne, kafin saƙar ta hau kujera, gadon bayan raƙumi ne babban dandalinta.

A zamanin da iyali ke tashi da tantinsu suna bin ruwa da ciyawa, raƙumi ne ke ɗauke da gidan baki ɗaya, matar gida kuwa ita ke yi masa sutura. Maza su aske tumaki da awaki, su tara gashin raƙumi, mata su wanke, su kaɗa da mazari, su rina da lalle ko gangamau ko baba. Masaƙar ba ta wuce turaku da sanduna a ƙasa ba. Idan tafiya ta kama, a naɗe ta da aikin da ke kanta, a sake kafa ta a zango na gaba. Da ƙahon barewa ake danne zaren don ya kamu.

Daga nan jakar da ake kira hurj take fitowa, mai aljihu biyu, wadda ake ɗorawa bisa sirdi tana reto da dogayen tuntaye. Akwai akala mai ado, da dogayen ɗamaru masu sauka gefen dabbar, da rufin darbukar da mata ke shiga. Mafi wahala shi ne ratsin tsakiya da ake kira shajara, wato itaciya, inda masaƙiya ke tsintar zare ɗaya bayan ɗaya da yatsunta, tana fitar da siffofi daga ƙwaƙwalwarta ba tare da zane a gabanta ba. Har tambarin kabila, wanda ake lalasa wa raƙumi a fata, yakan bayyana a ciki. Mai ido yakan hango ayari ya san daga inda ya fito.

Mota ta zo, man fetur ya jawo makiyaya birni, raƙumi ya sauke kaya. A 2011 hukumar UNESCO ta sanya Sadu na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin al'adun da ke buƙatar ceto na gaggawa, a 2020 kuma ta karɓi na Saudiyya da Kuwait cikin gadon al'adun duniya. Saudiyya ma ta ɗauko zanen ta yi tambarin taron ƙasashen G20 na 2020 da shi. A Kuwait akwai Gidan Sadu, inda ake adana tsofaffin ayyuka ana kuma koyar da sababbin hannu.

Duk wannan abin yabo ne, amma a ganina an fi ceto zanen fiye da sana'ar. Inji yana iya buga ratsin a kan yadin roba cikin ɗan lokaci, a sayar da araha, alhali jaka guda ta gaske tana cin makonni. Yarinyar da ta ga kakarta ta duƙa a ƙasa har bayanta ya ƙage, ladan kuma bai taka kara ya karya ba, da wace hujja za a ce ta gaje ta?

Kuɗi kuwa ba su bar raƙumi ba. A bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz da ake yi kusa da Riyad, ana raba kyaututtukan miliyoyin riyal saboda kyan wuya da leɓe da tozo, Saudiyya ta kuma ayyana 2024 shekarar raƙumi. Shawarata ga masu shirya irin waɗannan bukukuwa ita ce su shardanta cewa duk raƙumin da zai shiga fage da ado, adon ya zama saƙar hannu, da sunan masaƙiyar a rubuce, a kuma ware mata nata kason daga kyautar. Mai raƙumin da ya iya biyan likitan dabbobi da masu kiwo ba zai kasa biyan tsohuwar da ta san shajara ba.