Yaro Mai Lalurar Down a Ajin Sanam: Abin da Tsarin Hausa ke Buƙata Daga Malami

A shekarar 1866 ne likitan nan na Ingila, John Langdon Down, ya bayyana siffofin wasu yara da yake kula da su, daga baya aka laƙaba wa lalurar sunansa. Sai a 1959 aka gano musabbabinta a birnin Paris, ta hanyar binciken Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin. Ɗan'adam yakan zo da sandunan gado 46, waɗanda ake kira kuromozom, jere biyu-biyu. Mai wannan lalura yana zuwa da 47, domin a tagwai na 21 an sami uku maimakon biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana samun jariri ɗaya mai ita a cikin kowace haihuwa 1,000 zuwa 1,100, ta kuma keɓe mata ranar 21 ga Maris tun daga 2012. A kafofin watsa labarai na Hausa akan ji ana ce mata galahanga, sai dai kalmar tana yawo a kan laluri daban-daban, har da waɗanda hanyar taimakonsu ta sha bamban ƙwarai. Don haka a nan an tsaya ga "lalurar Down".

Nazarce-nazarcen da aka yi a kan harshen waɗannan yara sun yi ittifaƙi a kan abu guda: fahimtarsu ta fi furucinsu nisa. Yaron da ba ya iya haɗa kalmomi uku yana iya sanin sunayen abubuwa masu yawa, ya gane wanda ke fushi da wanda ke wasa, ya kuma san abin da ake so da shi. Kalmomi suna zauna masa fiye da ginin jimla da ƙirar kalma. Dalilan suna da yawa. Kogon bakinsa ƙarami ne, tsokokin leɓe da harshe suna da laushi, don haka sautuka ba sa fita tangaran. Hanyar kunnensa siririya ce, ruwa yakan taru a bayan dodon kunne ba tare da ciwo ko ɗiga ba, ji ya ragu na makonni, ya dawo, ya sake raguwa. Uwa-uba, abin da ya shiga ta kunne ba ya daɗewa a ƙwaƙwalwarsa. Babban mutum yakan maimaita lambobi kusan bakwai da aka jero masa, amma mai lalurar Down sau da yawa ba ya wuce uku ko huɗu ko bayan ya girma. Abin da ido ya gani kuwa ya fi zama.

Yawancin wannan sani an tattaro shi ne daga yara masu magana da Ingilishi da wasu harsunan Turai. Abin tambaya ga mai nazarin harshe shi ne yadda lamarin zai kasance a wuri irin Sanam, ƙaramar hukumar karkara da ke jihar Tillaberi, wadda take ƙarƙashin Filinge kafin a mai da Abala gunduma a 2011. Wannan yanki ne na Kurfai, inda Hausa ke maƙwabtaka da Zabarmanci da harshen Buzaye da Fulatanci. Masana gyaran furuci kaɗan ne a Nijar, a manyan birane ake samun su, Filinge kanta kuwa tana da nisan kusan kilomita 180 daga Yamai. Rashin tsaro ya kuma rufe ɗaruruwan makarantu a jihar cikin shekarun baya-bayan nan. Ke nan duk wani taimako da yaro zai samu, a hannun malamin aji da uwa da ƴan'uwa yake.

Babbar matsalar ita ce, Hausa ta ɗora nauyin nahawunta a kan ƙananan abubuwan da kunne kaɗai ke kamawa. A dubi "ya zo". In aka ja wasalin "ya" da karin sama, an ba da labari ne cewa mutum ya riga ya iso. In aka gajarta shi da karin ƙasa, umurni ne ko izini, wato a ce masa ya taho. Tsakanin abin da ya faru da abin da ake so ya faru babu komai sai tsawon wasali ɗaya da karin sautinsa. Haka "gari" na mazauni da "gari" na tuwo, haka "fari" na launi da na ƙwari da na rashin ruwan sama. Ga kuma baƙaƙe masu ƙugiya da ke raba "baki" da "baƙi", "kara" da "ƙara", "bari" da "ɓari". Yaron da ruwa ya toshe wa kunne, yana zaune a bayan aji mai cike da hayaniya, waɗannan ne abubuwan farko da za su kuɓuce masa. Korewa ma tana da nata tarkon. A "bai kawo allonsa makaranta ba", dole mai sauraro ya riƙe farkon jimlar har ya kai ƙarshenta. Wanda ke riƙe kalmomi uku kawai yana iya fita da "kawo allo", ya tashi ya kawo, a ce ba ya jin magana.

A Ingila an nemi mafita ta hanyar ido. Tun daga 1980 Sue Buckley ta fara bincike a Portsmouth kan koya wa ƙananan yara masu lalurar Down karatu, bayan labarin wata yarinya da ta fara gane rubutattun kalmomi tana shekara uku. An lura cewa kalmar da yaro ya gani a rubuce takan shiga bakinsa, kuma rubutacciyar jimla tana nuna masa ƙananan kalmomin da kunnensa ke tsallakewa. Kafin haka, a shekarun 1970, Margaret Walker da abokan aikinta sun tsara Makaton, inda ake faɗin jimla da baki ana kuma nuna muhimman kalmominta da hannu. Iyaye kan ji tsoron kada alamar hannu ta sa yaro ya yi kasalar magana. Abin da aka gani akasin haka ne: yara da yawa suna sakin alamar da kansu da zarar kalmar ta zauna a baki.

Sai dai ba za a ɗauko dabarar karatu yadda take a dasa a Sanam ba, saboda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Katin da aka rubuta "ya zo" a kansa bai raba wa yaro komai ba, daidai wurin da yake buƙatar a raba masa. Nan ne hoto da hannu za su cike giɓin. "Gari" ɗaya ya zo da zanen gidaje, ɗayan da zanen ƙwarya. Labarin abin da ya wuce ya tafi da hannu mai nuni baya, umurni ya tafi da yafitowa. Babu laifi kuma malami ya ja layi a kan dogon wasali a katunan yaron, ko da littafin aji bai yi haka ba. A wani gefen rubutun Hausa yana da alheri da na Faransanci ba shi da shi: harafi ɗaya sauti ɗaya ne a mafi yawan lokaci, gaɓoɓi gajeru ne, ƙugiya kuma tana nuna wa ido bambancin da kunne ya kasa ji.

Alamun hannu ba sai an sayo su daga waje ba. Constanze Schmaling ta wallafa nazarinta kan maganar hannu ta kuramen Kano a shekarar 2000, ta nuna cewa harshe ne mai tsarinsa. A garuruwan Hausawa masu ji da yawa sun saba tattaunawa da kurame da hannu a kasuwa da gona. Alamar ci da sha da barci da zuwa da tafiya da kowa ya riga ya sani ta fi ta littafi amfani, tun da kaka a gida za ta gane ta.

Akwai batun karin harshe, wanda aka fi mantawa da shi. Hausar Kurfai tana cikin karorin yamma, inda ake jin "shina" a wurin "yana", da "na" da "ta" a wurin "ne" da "ce", da "h" ko "hw" a wurin "f". Yaro mai ƙarfin harshe yana tsallake wannan tazara cikin ɗan lokaci. Mai lalurar Down da ya sha wahala kafin ya mallaki "tahi" bai kamata a tarye shi da gyara ba a ranar da ya fara faɗinta a aji. Wanda kuma ya auna shi da ma'aunin daidaitacciyar Hausa zai ƙirga masa kurakuran da ba nasa ba ne.

Game da zama da harsuna biyu, shawarar da akan ba iyaye ita ce su taƙaita ga harshe ɗaya. Binciken Elizabeth Kay-Raining Bird da abokan aikinta a Kanada, wanda ya fito a 2005, bai goyi bayan haka ba: yara masu lalurar Down da suka tashi da harsuna biyu ba su gaza takwarorinsu masu harshe ɗaya ba a harshen da suka fi amfani da shi. Gidan da ake Hausa da Zabarmanci ba shi da dalilin yin shiru da ɗaya. Abin da ke cutarwa daban ne, wato a fara koya wa yaro karatu da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Doka ba ta hana malami kauce wa wannan ba. An buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a koyarwa, Nijar ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2008, sannan kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

A aikace, abin da ya rage ba ya cin kuɗi. Yaron ya zauna gaba, inda zai ga bakin malami. A kira sunansa, a jira ya ɗago, a ba shi umurni ɗaya gajere: "ɗauko allo", in ya ɗauko sannan "zauna". A faɗi abin da ake so ya yi maimakon abin da ba a so. In an yi masa tambaya a ba shi lokaci, kada ƴan aji su amsa masa, domin amsar takan zo bayan an fidda rai. In ya ce "akuya ci", a mayar masa da "akuya tana cin ciyawa" ba tare da an ce ya yi kuskure ba. Haddar baki da ajin ke rerawa tare, wadda sauran yara ke jin daɗinta, ita ce hanya mafi wuya gare shi, sai an haɗa ta da tafi ko hoto ko tsakuwar ƙirga. Tun da kuwa duk dabarar ta dogara ga ido, matsalar gani kuma ta yawaita a cikin waɗannan yara, ya kamata duk ranar da aka kai shi asibiti a roƙi a duba idanunsa tare da kunnuwansa, a kuma rubuta katunansa da manyan haruffa masu kauri.