Tallafin Karatu ga Matasan 'Yan Jarida a Amurka

A Amurka, ɗalibin sakandare mai rubutu a jaridar makarantarsu zai iya samun tallafin karatu tun bai shiga jami'a ba.

Duk shekara gidauniyar Freedom Forum tana zaɓar ɗalibai 51, ɗaya daga kowace jiha, ɗaya kuma daga babban birnin ƙasar. Takan ɗauki nauyin horar da su a Washington, sannan ta ba kowannensu dala 1,000 don karatun jami'a. An sa wa shirin sunan Al Neuharth, wanda ya kafa jaridar USA Today a 1982.

Jami'ar Princeton kuwa 'ya'yan talakawa masu hazaƙa take nema, tana koya musu aikin jarida kyauta lokacin hutu. Dukkan shirye-shiryen biyu sai sun duba rubutun ɗalibi kafin su ɗauke shi.