Ingausa A Ajin Turanci: Yadda Ɗaliban Jami'a Ke Kallonta

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin lacca a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano ya san yadda malami kan yi nisa cikin bayani da Turanci, in ya ga ɗalibai sun yi tsuru-tsuru sai ya jefa jimla guda ta Hausa, nan take a ga ana gyaɗa kai. Wannan gauraye shi ake kira Ingausa, kuma bakin masu koyon Turanci bai zo ɗaya a kansa ba.

Al'amarin ya samo asali tun daga ƙasa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida, daga baya a koma Turanci, amma a makarantu da yawa Turanci ya tsaya a allo, Hausa ta ci gaba a baki. Ga shi kuwa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci.

Masu goyon bayan gaurayen suna ganin tsani ne. Alal misali, Bahaushe kan ce “na ci abinci”, ko jiya ya ci ko yanzun nan, alhali Turanci ya raba waɗannan gida biyu. Malamin da ya jera harsunan biyu ya nuna inda suka saɓa, cikin minti biyar zai warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa ɗalibi kai.

Masu adawa kuwa hujjarsu ita ce ranar jarrabawa ba Hausa a takarda, kuma ga mafi yawansu aji ne kaɗai inda suke jin Turanci tsantsa. In ya gauraye, ina za su goge bakinsu? Akwai kuma ɗalibai Yarabawa da Ibo da Tibi waɗanda, da zarar malami ya juya harshe, sai su zama 'yan kallo.

Sai dai akwai inda ra'ayoyin biyu za su iya haɗuwa: a kira Hausa ta warware abin da ya cije, a maimaita shi da Turanci domin kowa ya amfana, sannan a koma kan hanya. Gishiri ne: kaɗan ya gyara miya, in ya yi yawa ta ƙi shawuwa.