Gurasar shinkafa: darasi daga kudancin Indiya zuwa Gudel

Duk wanda ya sauka Gudel da sassafe, a bakin kogin Isa yamma da Yamai, zai ga abu biyu. Ga fadamun shinkafa kore shar kusa da ruwa, ga kuma yara riƙe da kuɗi suna neman mai burodi. Shinkafar tamu ce. Alkamar burodin kuwa, mafi yawanta daga ƙasashen waje ake sayo ta, ta ratso teku kafin ta iso mana.

Gwamnati ta kafa kamfanin RINI a shekarar 1967 domin sussukar shinkafa, sannan ta kafa ma'aikatar ONAHA a 1978 domin kula da gonakin ban ruwa irin na Saga da Kirkisoye. Amma wurin sussuka wani kashi na ƙwayar yakan karye, kuma uwayen gida sukan raina wannan tsakin, sai dai a yi tuwo ko masa da shi.

A kudancin Indiya, inda shinkafa ce cimar yau da kullum, garinta yana da daraja. Mutanen jihar Karnataka suna yin gurasa da shi, suna ce mata akki rotti. Akki shi ne shinkafa a harshensu. Musulmin Malabar, a jihar Kerala, suna da tasu mai suna pathiri, fara fat, marar kauri, wadda suke ci da miyar nama, musamman cikin azumi. Ita ce za mu bayyana, domin ba ta neman yis ko mai, ba ta neman tanda, kuma ba a kwana ana jiran ƙullu ya tashi kamar na masa da sinasir.

Ga yadda ake yi. A wanke tsakin, a shanya, a niƙa shi lukui, a tankaɗe da rariya. A ɗan soya garin cikin busasshen kasko, kada ya sake launi. A ɗora ruwa kofi 1 da ɗan gishiri. In ya tafasa, a zuba gari kofi 1, a tuƙa da muciya kamar tuwo, a sauke, a rufe minti 5. Tun da sauran zafi a murza shi da hannu har ya yi laushi. A gutsura kamar ƙwan kaza, a barbaɗa gari, a murje da kwalba ya yi faɗi. A gasa a kasko mai zafi, a juya sau 2. In ta kumbura, ta nuna.

Asirin aikin yana ga tafasasshen ruwa. Garin alkama yana da danƙo na kansa, na shinkafa ba shi da shi. Zafi ne ke dafa garin har ya haɗe. Wadda ta kwaɓa da ruwan sanyi, gurasarta za ta tsattsage.

Ƴan'uwa masu karatu, wanda ya iya karanta wannan shafi ya karanta wa iyalinsa. A gwada da kofi guda ranar hutu, a ci da miyar kifi ko shayi. Kuɗin da aka saba kai wa mai burodi, in ya koma ga manomin shinkafa na bakin kogi, cikin ƙasa ya tsaya.