Batir da Tukunyar Gas: Tsaron Tirelar Tafi-da-Gidanka Lokacin Ajiya

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata irin tirela da magidanta kan ɗaura wa mota su ja ta zuwa yawon shaƙatawa. A cikinta akwai gado da murhu da firji da makewayi, wato dai ƙaramin gida ne bisa tayoyi. Garin Elkhart na jihar Indiyana da kewayensa su ne cibiyar ƙera ta, kuma a shekarar 2021 masana'antun Amurka sun fitar da ababen hawa na wannan dangi kimanin 600,000. To, amma makonni kaɗan ake morar ta a shekara. Da zarar hunturu ya kawo jiki, sai a kai ta filin ajiya na haya a bayan gari, ta yi wata biyar ko shida ba mai leƙa ta. Sau da yawa mai ita kan dawo ya tarar da ƙofa a kulle, tagogi lafiya lau, amma an datse wayoyi an ɗauke batir, tukwanen gas kuma sun yi ɓatan dabo.

Dalilin Kwaɗayin Ɓarawo

A gaban tirela akwai wasu ƙarafa biyu da suka haɗe kai a wurin da ake maƙala ta da mota. A kansu, a fili, ake girke batir cikin akwatin roba mai ɗaure da ɗamara, kusa da shi kuma tukwane biyu na gas ɗin furofen, waɗanda noti guda mai fukafukai ke riƙe da su. Wannan noti da hannu ake kwance shi. Saboda haka ɓarawo ba ya bukatar fasa komai. Almakashin yanke waya da 'yan mintoci sun ishe shi.

A shekarar 1979 wasu masana halayyar zaman jama'a guda biyu, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka bayyana cewa laifi kan auku idan abu uku suka haɗu: mai niyyar ɓarna, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Bayan shekara 20, masanin laifuffuka Ronald Clarke ya ƙara da cewa kayan da aka fi sata su ne masu sauƙin cirewa da ɓoyewa da sayarwa. Batir ya cika waɗannan sharuɗɗa. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, kuma a Amurka ana sake narkar da kusan kashi 99 cikin ɗari na irin waɗannan batura, don haka ko mataccen batir yana da kasuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Ita kuwa tukunya, shaguna da dama kan karɓi wadda ba komai a cikinta su ba da cikakkiya bayan an biya kuɗi, shi ke nan sawun ta sata ya ɓace.

Batir: A Tafi da Shi Gida

Abin da ba ya nan ba ya satuwa, kuma ilimin sinadarai ma ya goyi bayan a cire batir. Irin batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, yana zubar da cajinsa ko ba a amfani da shi, kamar kashi 4 ko 5 cikin ɗari a wata, fiye da haka in ana zafi. Ban da wannan, na'urar sansano yoyon gas da rediyon tirela suna tsotsar wuta dare da rana, har su iya ƙarar da shi cikin 'yan makonni.

Yayin da caji ke raguwa, asid ɗin da ke cikin ruwan batir yana haɗuwa da dalma ya zama wani farin gishiri a jikin farantan ciki. Idan aka daɗe ba a yi caji ba, gishirin kan taurare ya ƙi narkewa, ƙarfin batir ya ragu har abada. Ruwan da ya rage kuma ya tsinke, ya kusa zama ruwa zalla. Batir mai cikakken caji na jure sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, alhali wanda ya mutu kan daskare da 'yan digirori kaɗan ƙasa da sifili, ƙanƙara ta kumbura ta tsaga kwanonsa.

Don haka abin da ya fi shi ne a ɗauki hoton yadda wayoyi suke, a fara cire ta nagatif kafin ta fozitif, a kai batir wuri mai sanyi-sanyi, busasshe, mai shan iska. A riƙa auna shi wata-wata: cikakke kan nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan, in ya sauko zuwa 12.4 lokacin caji ya yi. Baturan litiyam da suka yaɗu daga baya sun fi tsada ƙwarai, nauyinsu kuwa kamar rabin na dalma ne, abin da ya sa suka fi jan hankalin ɓarayi. Su ana ajiye su da rabin caji, kuma ba a yi musu caji a sanyin da ya kai na daskarewar ruwa.

Tukunyar Gas: Ba Ta Shiga Ɗaki

Dabarar da ta cece batir ba ta yi wa tukunya, domin halin abin da ke cikinta daban ne. Furofen na tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili. Matsi ne kawai ke riƙe shi a matsayin ruwa. Idan ya kuɓuce, lita guda kan zama iska kimanin lita 270. Ya fi iskar da ake shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, shi ya sa ba ya tashi sama, sai ya malala ƙasa ya taru a lungu. Da ya kai kashi 2 zuwa kusan 10 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi gobara. Wanda ya ɓoye tukunya a gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa don gudun ɓarawo, ya yi gudun gara ya faɗa zago. Wurin ajiyarta waje ne, a tsaye, a inuwa, nesa da wuta, bawul a rufe tam, cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo ko ɗaure da sarƙa.

Akwai kuma wani haɗari da satar ke jawo wa waɗanda ba su ji ba su gani ba. Masu haɗa muguwar ƙwayar nan metamfetamin a ɓoye sun sha amfani da tukwanen furofen wajen zuba amoniya. Amoniya na cin tagullar bawul har ta raunana shi, alamar haka kuwa ita ce bawul ya rine ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Wanda ya ga tukunya mai wannan alama, kada ya taɓa ta. 'Yan kwana-kwana zai kira.

Idan Dole a Bar Su a Kan Tirela

Batir guda kan kai kilo 20 zuwa 30, ba kowa ke iya ɗawainiya da shi ba. Mai barin nasa a wurin sai ya musanya akwatin roba da na ƙarfe, wanda aka ɗaure da kusoshi masu santsin kai, notinsu na ciki. Amma kada a toshe kafofin iskarsa, domin batirin dalma na fitar da haidirojin lokacin caji, ita kuwa tana kama wuta tun daga kashi 4 cikin ɗari. Tukwane kuma, ana huda fiffiken notin da sandar da ke danne su a zura kwaɗo, ko a ratsa igiyar ƙarfe ta cikin kwalarsu. Sharaɗi ɗaya ne: kulli ya hana ɗaukar tukunya, kada ya hana hannu kaiwa ga bawul ranar da aka ji warin gas.

Babu kwaɗon da ya gagari injin yankan ƙarfe. Amfaninsa shi ne ya ci wa ɓarawo lokaci, ya tilasta masa yin ƙara. To, ƙara ba ta da amfani in babu mai ji. A nan ne sharaɗi na uku na Cohen da Felson ya shigo: a zaɓi filin da ke da shinge da fitilu da kyamara da maigadi, a juya gaban tirela ya fuskanci hanya maimakon bango, a kuma riƙa kai ziyara. Rubuta suna da fenti a jikin kaya da adana hotunansu na taimaka wa 'yan sanda da kamfanin inshora.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Tirela mai burkin lantarki na da wani ɗan makunni da aka haɗa da mota ta siririyar igiya. Idan tirela ta kwance a kan titi, igiyar kan fizge, burki ya kama da kansa, kuma wutar da ke yin wannan aiki daga batirin tirela take fitowa. Wanda aka sace wa batir, ya ce bari ya ja ta gida haka nan, ya hau titi da kaya mai nauyin tan biyu ko uku wanda ba abin da zai tsayar da shi in ya ɓalle. Don haka ranar fita daga ajiya, sai an mai da batir, an gwada makunnin, an kuma shafa ruwan sabulu a mahaɗar mesar gas an ga ba kumfa, sannan a ɗaura mota.