Ina Za a Ajiye Wannan Fayil?

Idan lokacin miƙa furojet ya matso, shagunan kwamfuta na Sabon Gari a Gusau kan cika da ɗalibai, kowa da filashinsa. A buɗe na ɗan sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya a gani: tambarin makaranta, shafin shiga manhaja, babi na uku, ga final, ga final2, duk a cakuɗe cikin folda ɗaya. Manhajar tana aiki kuwa. Sai ranar da malami ya ce, "Sauya mini yadda ake lissafin maki," nan ido ke raina fata, don mai aikin ma ya manta inda ya rubuta shi.

Masu sana'ar rubuta manhaja suna da al'adar da suka saba. Kod ɗin manhaja yana zama a folda mai suna src, na gwaji a tests, bayanai a docs, sannan a bakin ƙofa a ajiye README mai gaya wa baƙo yadda zai tayar da aikin. Wannan mai sauƙi ne. Inda ake kai ruwa rana shi ne cikin src ɗin.

A 1972 David Parnas ya ba da shawarar a raba manhaja ta yadda duk abin da ake sa ran zai sauya nan gaba zai samu ɗakinsa shi kaɗai. A ganina har yau ba a kawo wadda ta fi ta ba. Manhajar makaranta, alal misali, a ware rajista daban, kuɗin makaranta daban, sakamako daban. Gobe aka ƙara kuɗi, folda ɗaya za a taɓa. Linux, da Linus Torvalds ya fara a 1991, yana da dubban fayiloli, amma mai neman abin da ya shafi na'urori ya san drivers zai nufa, na sadarwa kuma net.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri, fayil biyar folda goma sha biyu. Wahala ce kawai.

Batun final2 kuwa, aikin Git ne, wanda ya fito a 2005: shi ke riƙe tarihin kowane gyara. Amma kafin a tura aiki GitHub, a cire kalmar sirri daga cikin kod, a sa ta a fayil na daban, a rubuta sunansa cikin .gitignore, domin ko an goge ta daga baya, tana nan a tarihin.