Damina: kada kare ya yi kashi a garke

A watan Agustan bara, a wata ruga wajen Dakoro, na tarar da kashin kare cikin rumfar da ake zuba wa tumaki dusa. Mai garken ya ce mini: "Malam, in ana ruwa ba ya yarda ya fita."

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karen da ya ci ɗanyen kai, hanta ko huhun dabba yakan ɗauki tsutsar ciki, ƙwanta su fito cikin kashinsa. Ƙwan suna daɗewa a wuri mai laima. In tunkiya ta haɗiye su, bayan wasu watanni sai ta kama juyawa wuri ɗaya, ko a tarar da ƙullutun ruwa a hantarta ranar yanka. Yara ma suna iya kamuwa.

Ga dabarar da nake koyarwa. Ku zaɓi tudu mai rairayi, nesa da rijiya da garke, ku kafa masa ƴar rumfar zana. Safe da yamma, da ya gama cin abinci, ku ja shi can da igiya, ku jira. In ya yi, ku ba shi lomar tuwo nan take. Kada ku doke shi, duka ɓoyewa yake koya masa.

Ku binne kashin, ku wanke hannu da sabulu. Ku daina jefa masa ɗanyen kayan ciki, kuma ku nemi ma'aikacin kiwo ya riƙa ba shi maganin tsutsa, firazikwantel.